Gani ya kori ji, na ce wa bakanike

Akori-kurar ta Kawu ce. Toyota Hilux ƙirar 1991, fara, mai injin fetur 22R, silinda huɗu da kafireto. Ya yi shekaru yana jigilar taki da buhunan shinkafa da ita tsakanin Kura da Kano. Da ciwon gwiwa ya fara hana shi taka kuloci, sai ya ce in kawo abin da ya sawwaƙa in ɗauka, kada ta faɗa hannun bare. A ƙarshen 2022 ke nan. Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, noman na gefe ne, kuma abin da na sani game da mota a lokacin bai wuce duba baƙin mai da ruwan lagireto ba. Sai dai ina da wani hali: in na ga adadi a rubuce hankalina ya kwanta, ko da kuwa duk unguwa na faɗin akasinsa.

A allon gaban direba, gefen maleji, akwai mitar juyin inji, wadda ke nuna sau nawa injin ke juyawa a minti ɗaya. RPM aka rubuta a fuskarta, kowace babbar lamba kuma dubu ce. A satin farko na lura in motar ta yi zafi tana tsaye a sulo, allurar kan 500 take kwanciya. Na tambaya, na karanta, na gano cewa injin irin wannan tsakanin 700 da 800 ya kamata ya tsaya. Sai na nufi garejin bakaniken da ke duba wa Kawu ita tun fil azal.

"Oga, sulon motar nan ya yi ƙasa. A ɗaga mini shi."

Bai ce komai ba tukuna. Ya buɗe bonet, ya ɗora tafin hannu a kan murfin injin, ya karkata kai yana saurare.

"Malam, injin nan lafiyarsa ƙalau. Da a 500 yake, da ka ga sitiyari na rawa, sandar giya na kakkarwa."

"Ga mita nan tana faɗa mana, Oga. Gani ya kori ji."

Ya dube ni, ya dubi yaronsa, ya ce a miƙo masa sukudireba. Ina zaune a kujerar direba ina kallon allura, shi yana murɗa sukurun sulo, har ta hau 750 na ce ya isa. Da ya rufe bonet ya ce, "Motarka ce." Na biya na tafi ina jin na gyara abin da tsofaffi suka yi shekaru ba su gani ba.

Ba a yi kwana uku ba ta fara nuna hali. In zan sa ribas sai giya ta yi ƙara, garrr, kamar ana niƙa tsakuwa, sai na daɗe da taka kuloci kafin ta shiga. A gosulo kuwa, da na ɗan saki kuloci sai ta zabura kamar dokin da aka yi wa ƙaimi. Wanda ya fi ba ni kunya shi ne in na kashe makulli injin ba ya mutuwa nan take. Sai ya yi ta tari yana jijjiga, kaf-kaf-kaf, daƙiƙa biyu ko uku, sannan ya yi wani nishi ya yi shiru. Ranar da ta yi mini haka a ƙofar masallacin Juma'a, har wani dattijo ya ce, "Malam, wannan ai sai da ruƙiyya."

Duk wannan bai sa na zargi mitar ba. Na zargi fulogi, na saya sababbi guda huɗu. Na zargi man bumburutu da na taɓa sha a hanyar gona. Na sa an kwance kafireto an wanke, a wani garejin daban don ina jin nauyin komawa wurin Oga, kuma da aka mayar na tsaya a kansu sai da allura ta koma 750. An bar jaki ana dukan taiki, kuma ni ne mai sandar.

A watan Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Daga nan na fara rubuta kowace lita a littafi. Aikin motar nan rabinsa tsayuwa ne: layin shiga Dawanau, jiran 'yan dako su gama lodi, cunkoson cikin gari. Batir ɗinta kuma ba abin dogaro ba ne a lokacin, don haka nakan bar ta a kunne. Na san tana shan mai fiye da yadda Kawu ya ce, amma na ɗauka tsoho ne yake yabon kayansa.

Sai wata matsala ta biyu ta ɓullo, wadda ta ƙara ɓatar da ni. Da daddare in na kunna fitila, allurar juyin inji sai ta faɗi ta ɗan yi rawa, allurar zafi kuma ta ɗaga kaɗan ba dalili. In na sa sigina, allurar na bin ƙyaftawarta, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Wannan kam ko makaho ya san ba inji ba ne, domin muryar injin ba ta canjawa. Na kai wa rewaya.

Yaro ne matashi amma hannunsa ya faɗa. Ya ce in mita biyu ko uku suka rikice tare lokacin da aka kunna wani abu, to atin ne, wato wayar da ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota. Ya ɗora tsinke ɗaya na mitar gwajinsa a kan nagetif na batir, ɗayan a kan wayar atin ta allon, ya ce in kunna fitila. Mitar ta nuna kusan bolt ɗaya. Ya ce in hanya a buɗe take, abin da za a gani bai kamata ya wuce 0.1 ko 0.2 ba. Ya bi wayar har inda aka ɗaure ta da noti a ƙarƙashin allo ta gefen ƙafar direba, ya tarar tsatsa ta ci wurin, notin ma da yatsa yake juyawa. Ya kankare ƙarfen har ya yi fari, ya sa sabon kai a wayar, ya ɗaure tam. Ya kuma duba babbar wayar da ke tsakanin batir da jikin mota da inji, ya tsaftace bakunanta. Muka kunna fitila, muka sa sigina, muka danna hon, allura ko gezau.

Na dawo gida da murna cewa an gyara mita. Kuskurena na biyu ke nan. An kashe rawar allura, amma ba wanda ya tambayi ko inda take tsayawa daidai ne, tunda ban kai wannan ƙarar ba. Hasali ma yanzu da ta daina rawa sai na ƙara amincewa da ita.

Kawu ne ya tayar da zancen. Na je gaishe shi bayan Sallar layya, na tsaya a ƙofar gida ban kashe mota ba. Yana kan tabarma a zaure, ko leƙowa bai yi ba ya ɗaga murya.

"Wa ya tayar wa motar nan hankali?"

"Kawu, sulo na sa aka gyara. A 500 ka bar ta."

"Ɗari biyar ɗin me?"

"Mitar da ke gefen maleji."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce shi tunda aka sa allon nan bai taɓa kallon wannan agogon ba, ado ne. Na ce wane sawa kuma, ba da shi ta zo ba? Ya ce ina! Na asalin malejinsa ne ya mutu shekarun baya, aka samo masa wannan na Beljiyam a Kofar Ruwa, ya shiga ramin daidai, rewaya ya haɗa wayoyi, shi ke nan. Bai san daga jikin wace mota aka ciro shi ba, bai kuma ga dalilin tambaya ba.

A hanyar dawowa na kasa sakin maganar. Abin da nake koya wa yara kullum shi ne in ka sami amsa, ka bi ta wata hanya dabam ka ga ko za ka sake iso ta. Ni kuwa wata bakwai ina riƙe da amsa ɗaya daga shaida ɗaya.

Hanya ta biyun da ta fara zo mini ba ta buƙatar wata na'ura. A giyabos ɗin waɗannan motoci, giya ta huɗu kai-tsaye ce: juyi ɗaya na inji, juyi ɗaya na farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya. Saboda haka in na san tsawon da taya ke ci a juyi ɗaya, na san sau nawa farfela ke juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya, na kuma san gudun motar, to juyin injin lissafin aji ɗaya ne. Ranar Asabar na sami alli na yi layi a gefen tayar baya da kuma ƙasa, yara suka tura motar har layin ya sake taɓa ƙasa, na auna da tef: mita 2.2. Sannan na sa duwatsu a tayoyin gaba, na ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak, giya a firi, na yi alama a farfela. A nan akwai wani abu da ya kusa rikita ni. In taya ɗaya ce a sama, ɗayar na ƙasa, sai ka juya ta sau biyu kafin lissafin ya fito, saboda yadda haƙoran aksul ke raba juyi tsakanin tayoyin biyu. Na juya sau biyu, ɗana na ƙarƙashi daga gefe yana ƙirga farfela: huɗu da rabi da ɗan ɗoriya. Muka maimaita sau uku, haka dai.

Kilomita 60 a awa ita ce mita 1,000 a minti. Raba da 2.2, taya na juyawa sau 455 a minti. Sau huɗu da rabi da ɗoriya, ya kama kusan 2,070. Da la'asar na hau titin Zariya inda ya miƙe, na ba ɗana waya yana karanta mini gudu daga GPS don ban yarda da malejin ba shi ma, na sa giya huɗu na daidaita a 60. Na saci kallon allura. Ko 1,400 ba ta cika ba.

Na gangara gefen titi na zauna shiru. Tazarar ta fi ƙarfin a ce kuskuren alli da tef ne. Amma ban so in sake yin gaggawar da na yi da farko ba, in koma gareji da takarda a hannu ina faɗa wa mutane aikinsu. Ina son shaida ta uku, wadda za ta auna injin kansa.

Na fara gwada dabarar da na karanta. Mitar juyin inji a motar fetur irin wannan daga gefen nagetif na kwayil take samun saƙo, tana ƙirga sau nawa aka yanke wuta don fulogi ya yi tartsatsi. Na ari mitar gwajin rewaya mai auna yawan bugu a daƙiƙa, na ɗora a wurin. Lambobi suka yi ta tsalle, yanzu 40, yanzu 300, yanzu ba komai. Rewaya ya ce in cire kafin in ƙona masa kaya, domin duk lokacin da kwayil ya saki wuta, wannan gefen na harba ɗaruruwan bolt na ɗan ƙiftawa, kuma ƙaramar mita irin tasa ba ta iya bambance bugun gaske da amonsa. Shi ne ya ce in je wurin masu gyaran janareta.

Ban taɓa tunanin haka ba, amma da ya faɗa sai na ga hikimar. Mai janareta ba ya wasa da juyin inji, domin wutarmu mai bugu 50 ce a daƙiƙa, kuma kafin a same ta sai ƙaramin janareta ya juya sau 3,000 a minti, manyan na dizal kuma galibi 1,500. Wanda aka nuna mini yana da wata 'yar na'ura kamar tocila, tana fitar da jan haske. Ana manna ɗan farin lasitika mai ƙyalli a jikin abin da ke juyawa, a haska, ita kuma ta ƙirga sau nawa ƙyallin ya wuce.

Ya sa na kashe mota, ya goge fulin ƙasa, babban da ke bakin injin, ya manna. Ya ce dole wannan fulin, domin na altaneta da na fanka kowanne da girmansa, gudunsu daban da na inji. Sannan ya dubi rigata ya ce, "Alhaji, ko ka tuɓe babbar rigar nan ko ka koma cikin mota. Fanka ba ta san mai kuɗi ba." Na koma ciki, dama can ne aikina.

Karatun farko ya ba da 2,240 a sulo, muka dubi juna. Ya ce a kashe. Ashe akwai wani wuri a bakin fulin da bel ya goge har yana sheƙi, na'urar na ƙirga shi a matsayin ƙyalli na biyu. Ya shafe wurin da baƙin fenti, muka sake.

Allura na kan 750, na'ura ta ce 1,120. Na taka totur na riƙe a 1,000, ya ɗaga murya ya ce 1,500. Na kai 1,500, ya ce 2,250 da 'yan kai. Na kai 2,000, injin na ruri har masu shagon gefe suka leƙo, ya ce 3,000. Ina rubutawa a bayan rasit, kuma tun kafin layi na huɗu na riga na ga abin. Kowane adadi na allo kashi biyu cikin uku ne na gaskiya. Wato 500 ɗin da na tarar, wadda na ce ta yi ƙasa, 750 ce cif. Kawu da Oga sun ajiye injin daidai inda ya kamata da kunne kawai, ni kuma na zo na sa aka kai shi sama da 1,100.

A nan ne karatun nawa ya yi rana karon farko a wannan labari, domin yanayin kuskure yana nuna inda ya fito. Da a ce allurar na ƙara ko rage adadi ɗaya a ko'ina, misali 200 a ƙasa, 200 a sama, da sai in ce an taɓa cire allurar an mayar da ita a karkace, kuma da an gani ko mota na kashe, don ba za ta kwanta a sifiri ba. Da tsalle take yi ba tsari, da waya ce ko atin, irin wanda muka riga muka gyara. Da daidai take da safe ta karkace in rana ta yi, da sai a zargi kayan cikinta da zafi ya gajiyar. Amma kuskuren da ke tafiya da kaso ɗaya daga ƙasa har sama, kuma kason ya zama biyu cikin uku, ba lalacewa ba ce. Mitar na ƙirga daidai, rabawa take yi da lambar da ba ta motar ba. Injin silinda huɗu yana tartsatsi sau biyu a kowane juyi, mai silinda shida sau uku, mai takwas sau huɗu. Mitar da aka ƙera wa silinda shida tana jiran bugu uku kafin ta ce an yi juyi ɗaya. Ka ba ta biyu, sai ta ce kashi biyu cikin uku aka yi.

Mai janareta ya ƙara mini da cewa masu motar dizal su ma suna shan irin wannan ta wata ƙofar. Su ba su da kwayil, don haka saƙon daga wani ɗan firikwensin jikin famfon mai yake zuwa, ko kuma daga altaneta. In daga altaneta ne, da an canja ta da wadda fulinta ya bambanta, ko bel ya saki yana zamewa, sai mita ta fara ƙarya alhali inji bai canja ba.

Washegari muka ciro allon da rewaya. Sai da ya sa hannu ta baya ya saki wayar maleji kafin ya fito. Da na riƙe shi a hannu cikin haske, sai na ga shaidun da suke gabana tun ranar farko. Manyan lambobin malejin na mil ne, na kilomita ƙanana ne a ciki, abin da ke nuna allon motar Amurka ne. Ni da na saba karanta ƙananan ban taɓa tambayar dalili ba. A Amurka kuwa Toyota ta sayar da irin wannan akori-kurar da 'yar'uwarta 4Runner da inji iri biyu a waɗannan shekarun: mai silinda huɗu, da V6 mai lita 3 da ake kira 3VZ-E, wanda ya fito a 1988. Allonsu kusan fuska ɗaya ne, ramin ɗaya. Mai sayarwa bai yi ƙarya ba da ya ce zai shiga.

Akwai kuma allurar ƙarfin baƙin mai, wadda tun da na karɓi motar ba ta taɓa motsi ba. Rewaya ya ce wannan ma daga musanyar ne. Motar da ta zo da fitilar gargaɗi kawai, abin da ke jikin injinta makunni ne, ko a buɗe ko a rufe. Allon mai allura kuwa na'urar aike ta daban yake so, kuma in aka haɗa shi da makunnin fitila, allurar kan ƙone. Ga alama tun ranar da aka sa allon ta mutu.

Zaɓi biyu ne a gabana: in koma kasuwa neman allon silinda huɗu, wanda ba lallai in samu ba kuma ba na iya tantance shi da ido, ko a koya wa wannan sabon lissafi. Rewaya ya ce shi wayoyi ya sani, cikin mita sai mai rediyo. Ya kai ni wurin wani dattijo mai ɗan shago cike da tsofaffin rediyo da talabijin, gilashinsa ɗaure da zare.

Baba ya kwance mitar daga allon a hankali, ya gargaɗe ni kada in taɓa allurar ko da wasa, don in ta goce daga mazauninta mun ƙara wa kanmu aiki. A bayanta akwai ɗan faranti mai kayan lantarki, bai kai tafin hannu ba. Ya nuna mini kapasita biyu, ya ce sun haura shekara talatin, irinsu kuma bushewa suke yi, tunda an riga an buɗe gara a canja. Ya canja, ya bi wasu ɗigon dalma da suka tsattsage ya sabunta su. Sannan ya nuna wani ɗan abu mai tsaga a ka kamar sukuru, an ɗiga masa fenti don kada ya motsa. Ya ce da wannan kamfani ya daidaita ta, da shi za mu daidaita.

Daidaitawar a jikin mota aka yi, kuma sai da na haɗa mutum uku: Baba da siririn sukudirebansa, allon na rataye a kan wayoyinsa bisa sitiyari an tare shi da tsumma, mai janareta a gaban inji da na'urarsa, ni kuma ƙafa a totur. Muka zaɓi 2,000 don nan ne motar ta fi yin aiki. Na riƙe har mai janareta ya ce dubu biyu daidai, Baba ya fara murɗawa, allura na hawa daga 1,300 da wani abu, 1,500, 1,700, ta tsaya wajen 1,800. Abin murɗawar ya kai ƙarshe.

"Ɗana, an yi shi ne don gyaran ɗan kuskure, ba don a mayar da shida huɗu ba," in ji Baba. Ya koma shago da mitar, ya bi layin da ke kan farantin, ya cire resista ɗaya da ke jere da abin murɗawar ya sa wata mai ƙima daban. Ta farko da ya gwada ta wuce gona da iri, allura ta haura inda muke so ko an mayar da sukurun baya gaba ɗaya. Ta biyu ce ta sa 2,000 ta faɗo a tsakiyar zangon murɗawa. Muka duba sauran wurare: a 3,000 allura na kan layi, a 1,000 ma haka, a can ƙasa ne take ƙara kamar 30 ko 40, wanda kaurin allurar kanta ya kusa rufewa. Baba ya ɗiga jan farcen mata a kan sukurun ya ce a rufe. Yini guda cur, kuɗin duka bai kai abin da na kashe a fulogi da wankin kafireto ba.

Saura mai wuyar. Na tuƙa zuwa garejin Oga, allura na nuna 1,100 da ɗoriya a sulo, yanzu da gaskiyarta. Yana ƙarƙashin wata mota, na tsuguna na gaishe shi.

"Oga, na zo a mayar da sulon nan inda yake."

Ya fito yana goge hannu. "Mitar ce ta ce?"

"Ita ce ta ce. Amma kai ka riga ta faɗa."

Na ba shi labari tun daga alli har jan farce. Ya saurara bai katse ni ba, sannan ya tambayi abin da ban yi tunani ba: waɗanda suka wanke kafireto sun taɓa distiributa? Na ce na ga sun sassauta ta sun ɗan juya. Ya girgiza kai. Ya ce tayimin, wato lokacin da fulogi ke yin tartsatsi, a sulo ake saita shi, kuma in inji na gudun sama da dubu, 'yan ƙarafa masu nauyi da ke cikin distiributa sun riga sun fara gabatar da wuta da kansu. Wanda ya saita a haka, da an sauke sulo zai tarar wutar ta makara. Ya kuma bayyana mini tarin da take yi bayan an kashe makulli: sukurun da na sa ya murɗa ya bar bakin kafireto a buɗe fiye da kima, injin mai zafi na ci gaba da zuƙar mai yana kunna shi da zafin kansa ko babu tartsatsi.

Ya bar ta ta yi zafi sosai. Ya ce in zauna a ciki amma kada in faɗa masa komai. Ya sauke sukurun a hankali, kansa a karkace kamar ranar farko, ya aiki yaro ya aro fitilar tayimin, ya daidaita distiributa a kan alamar fuli, ya koma ya ɗan taɓa sukurun iska, ya sake taɓa na sulo. Sannan ya miƙe.

"Nawa ta ce?"

Na duba. Allura na tsakanin 750 da 800, kuma na san tana ƙara ɗan kaɗan a wurin.

"Daidai, Oga."

Na kashe makulli, injin ya mutu tsit. Na tayar na sa ribas, ta shiga ba ƙara. A littafin mai kuwa bambancin ya fito a makonnin da suka biyo baya, ba mai yawa ba a doguwar tafiya, amma a ranakun Dawanau ana ganinsa. Allurar baƙin mai har yanzu a mace take, kuma fitilar gargaɗin ma babu tunda allon ba shi da ita a haɗe. Oga ya ce kada in sake ɗaukar lodi mai nisa sai an sa ko da ƙaramar mitar baƙin mai ce ta daban a ƙarƙashin allo. Na ba rewaya kuɗin, ya ce in kawo motar ranar Talata.